Hoton Akuyar Abdulhadi

Abdulhadi ya cafke igiyar wata akuya a tsakiyar kasuwar Bukkuyum. "Wagga akuyata ce da aka sace!"

Mai sayarwa ya rantse tasa ce. Sarkin kasuwa ya nemi shaida.

Abdulhadi ya zaro wayar da ya ishi gari da yabonta. "Ga hotonta, ranka ya daɗe. Da farko ya fito dishi-dishi, duk ɗigo-ɗigo, amma wayata ta goge su tas. Ba irin naku ba ce."

Sarki ya dubi hoton, ya dubi akuyar, mai ɗigon baƙi daga wuya har wutsiya.

"Taka fara ce sol, Malam. Saki ta mutane."

Ɓarawon ya ja akuyar, ya waiwayo. "Allah ya ƙara wa wayar nan lafiya."