Direban Ruwa da Surukinsa Mai Batir

Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba, kuma wanda ya ce ƙarya ne ya zo ya same ni.

Akwai wani tsoho a unguwarmu, Direban Ruwa muke ce masa, don kwale-kwale yake tuƙawa a inda kogi ke faɗawa teku. Mutum ne mai cika baki har ya fi ni. Komai nasa ya fi na kowa, hatta tsakar gidansa mai yashi, wai ko tururuwa ba ta isa ta ratsa ba.

Jika ɗaya gare shi, namiji, ɗan 'yarsa. Abokina yake ce masa. Kullum in uwar za ta shagon ɗinki sai ta ajiye yaron a gidan, ya wuni yana birgima a tsakar gida, tsohon na zolayarsa: "Abokina, ka girma ka karɓi filafili, na gaji da ciyar da kai."

Sai yaron ya fara lalacewa. Ba ci, ba wasa, ciki na murɗa. Likita ya ɗibi jini ya ce gubar dalma ce.

Tsohon bai tsaya jin sauran ba. Mijin 'yarsa gyaran batir yake yi, kuma kowa ya san batir dalma ce a cikinsa. Ya tafi har bakin shagon, kasuwa cike, ya buɗe murya.

"Mai Batir, tun ranar da ka zo neman 'yata na ce warin asid kake yi. Ga shi ka kwaso mana gida a jikin rigarka."

Surukin ya durƙusa. "Baba, a wurin aiki nake wanka, a nan nake barin kayan."

"Ka bar su har da matar."

A ranar ya kwashe 'yarsa da jikan, suka koma gidansa da zama. Ya hana surukin taka ƙofar. Mutane suka janye daga shagon, har mai shayin gefe ya matsar da teburinsa.

Yaro kuwa sai ciwon ya ƙaru.

Ma'aikatan lafiya suka zo da wata na'ura kamar tocila. Suka haska gidan Mai Batir lungu-lungu, ba komai. Suka gwada rijiya, lafiya lau. Suka gwada ruwan kogi, shi ma haka. Sai da suka tono ƙasan ruwan, a gefen wata tsohuwar masana'antar fenti da aka daɗe da rufewa, na'urar ta kama kuka. Ashe ruwa ya wuce abinsa, gubar ta kwanta a ƙasa. Aka kafa allo aka ja waya.

Tsohon ya ga allon lokacin da zai ƙetare da fasinjoji. Ya daɗe yana kallonsa. Ranar bai yi wa kowa zolaya ba, abincin ma turewa ya yi. Da ma'aikatan suka zo gidansa suka haska tsakar gidan, na'urar ta sake kuka, sai ya shige ɗaki, ya bar 'yarsa ta ji bayani.

Da safe aka yi sallama. Mai Batir ne, da baro da shebur, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin.

"Baba, ina kwana."

Ya ƙara matsawa bakin ƙofar, ya ci gaba.

"Baba, na roƙi ma'aikatan kada su faɗa wa unguwa. Ni zan kwashe yashin. A kai yaron ɗakinmu kafin in gama."

Daga can ciki tsohon ya ce, murya kamar ba tasa ba: "Bar shebur ɗin. Je ka ɗauki ɗanka."

Ya fito kansa a ƙasa, bai iya kallon surukin ba, ya karɓi shebur ya fara loda baro. Hawaye har cikin gemu.

To, hawayen nan ni na ƙara, don tsohon ko albasa ba ta sa shi kuka. Amma yashi mai laushin nan da ya shimfiɗe tsakar gidan gaskiya ne, kuma shi da kansa ya haƙo shi daga gefen masana'antar, ya yi ta jigilarsa a kwale-kwale tun da jikan ya fara rarrafe, don kada siminti ya kurje masa gwiwa.