Ranar da Saje Ya Sara wa Ladidi

Shekara talatin ke nan na'urar makarantar horar da hafsoshin soja ba ta taɓa kuskure ba. Da ta duba jarrabawar yaro da gudunsa, sai ta faɗi ko zai gama, da muƙamin da zai kai.

Shi ya sa Malam Barau tela ya rufe shago ya taho da 'yarsa Ladidi. Ita ta zo ta ɗaya a jiharsu, amma an ƙi ɗaukarta.

Tsohon sajen da ke teburin ƙorafi ya danna lambarta yana hamma. Da ya karanta, sai ya miƙe zumbur, ya ƙame, ya sara wa yarinya 'yar shekara sha bakwai.

"Yallaɓai, faɗuwa ta yi?" in ji Barau.

"Ina fa. Tana shekara talatin da takwas za ta zama Kanar."

"To, me ya hana a ɗauke ta?"

Sajen ya rage murya. "Daga nan ba muƙami na'urar ta rubuta ba, Malam. Wata safiya ta rubuta, da muryar 'yarka a rediyo tana cewa sojoji sun karɓi mulki."

Barau ya dubi yarinyar da ko kaza ba ta iya kallon a yanka. 

Sajen bai sauke hannu ba. "Ranki ya daɗe, Ɗantani sunana. Ki tuna, ba ni na hana ki ba."

Ladidi ta gyara mayafi, ta ce a hankali, "Na riƙe sunan."