Kwanon Rufin da Aka Ajiye wa Mahauci

Tanimu, tun ɗazu nake jin ka kana cika baki wai ba za ka sayi komai ba sai kaya sun sauko. Haba ɗan ƙanena! Matso kusa in ba ka misali, ka ci dariya, amma ka riƙe.

An yi wani mahauci mai tukubar tsire a bakin tasha, jinkar ɗakinsa ta tsufa har maiɗakinsa tana hango taurari daga kan gado. Ya yi mata alkawari damina ba za ta same su ba sai a ƙarƙashin kwano. Kuma ba shi da laifi wajen tari, kullum sai ya jefa wani abu a asusu. Da kaka ta yi ya fasa, kuɗi suka isa bandir guda na kwano cif. Mai shagon kwano abokinsa ne tun na ƙuruciya, ya ware masa bandir ɗin a lungu ya ce ya zo ya ɗauka. Da mutumin naka ya ji farashi sai ya riƙe haɓa, wai bara ba haka aka sayar ba, wallahi ba za a cuce shi ba, a bar shi nan sai ya sauko. Shi kuwa a tukubarsa kullum yankan tsire ƙanƙancewa yake yi, tsinke ya kusa fin nama kauri, in aka yi magana ya ce shanu sun yi tsada. Nasa ya halatta ya hau, na mutane ne zai sauko! Maƙwabcinsa kuma mai sayar da rake ne, bai taɓa riƙe kuɗin bandir a hannunsa ba. Ran kasuwa in ya samu ɗan abin da ya samu, sai ya je ya sayi falle ɗaya, ya ɗoro a ka ya kawo gida ya tura bayan ɗaki. Mahauci ya riƙa yi masa tsiya, wai ga mai sayen kwano kamar ƙosai. Mai rake sai dai ya yi murmushi ya wuce, kwano na ta ƙara a kansa.

Aka shiga bazara, hadari ya fara haɗowa a gabas, maiɗakin mahauci ta riƙa bin sa da kallo. Ya kwashi kuɗinsa ya ruga shago. Wayyo! Abin da zai rufe ɗaki da kaka, yanzu ko rabi ba zai rufe ba. Ya ce to a ba shi nasa na lungu, mai shago ya tafa hannu ya ce ai ya jira har ya gaji, maƙwabcinsa mai rake ya zare shi falle-falle, na ƙarshe ma jiya ya tafi. Ranar da ruwan farko ya sauka, jinka ta zuba kamar rariya. Mahauci da iyalinsa suka kwashi tabarmi suka faɗa gidan mai rake, aka shimfiɗa musu, aka miƙo masa rake mai zaƙi. Yana zaune yana sha, kunya ta ishe shi, ruwa na kiɗa a kan kwanon da aka ajiye da sunansa, matarsa tana cewa kai, rufin nan ya yi kyau. Har shi sai da ya yi dariya.

To ka ji, Tanimu. Tashi ka je kasuwa tun kuɗinka na da sauran ƙarfi. Hausawa sun riga sun faɗa: a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.