Abin da Iya Tasalla Ta Gani

Tun da annoba ta dawo aka raba ma'aikatan asibiti da jan layi, aka hana su magana da juna, sai ta na'urar da ke rataye a wuyan kowa. An turo Rakiya ta binciki yadda suke aiki tare. A rana ta tara ta gano cewa saƙon masu shara ba ya isa kunnen likitoci.

"'Yata," in ji Iya Tasalla mai shara, "duk majinyacin da ya fara ƙin ruwa ba ya wuce kwana biyu. Sau goma ina gaya wa abin nan."

Rakiya ta san hukuncin ƙetare jan layin likitoci: kwana arba'in a killace, babu ganin 'ya'yanta. Ta kama hannun tsohuwar.

"Taso, Iya. Da bakinki za ki gaya musu."