Makullin da Mutum Bakwai Suka Kasa Karɓa

Kun gani, kada ku ce ba ku gani ba. Wane ne a cikinku bai taɓa kallon abokinsa ya miƙe daga teburin giya yana laluben makullin mota, shi kuma ya kau da kai kamar abin bai shafe shi ba? Haka mutum bakwai suka yi wa Vernon Kaczmarek wata Asabar da la'asar.

Vernon mai gadi ne a wani babban ɗakin ajiyar magunguna. Shekara goma sha tara yana tsaye a ƙofar da ƙaramar bindiga a ƙugu, bai taɓa zaro ta a kan kowa ba. Aikin nan kuwa a kan kati ɗaya yake rataye, wato lasisin riƙe bindiga. In babu katin babu aiki, in babu aiki babu inshorar lafiyar da ake yi wa matarsa Loretta wankin ƙoda da ita sau uku a mako. Duk abokan aikinsa sun san haka.

Ranar ne suka taru su takwas a mashayar bakin kogi don walimar wani da ya yi ritaya. Al'adarsu ce kowa ya saya wa dukan teburin zagaye ɗaya na giya, kuma wanda ya tashi kafin nasa zagayen ya zo, sunansa marowaci har ya mutu. Na Vernon ne na bakwai. A kofi na uku ya ɗora hannu a bakin kofinsa ya ce ya ishe shi.

Dale Hutchins, direban kamfanin, ya buga tebur ya ce, "Ku ƙyale shi, mijin-ta-ce ne. Loretta ta sa hannu a kan kofi uku, na huɗu sai ya cike takarda."

Aka kwashe da dariya, Vernon ma ya yi dariyar yaƙe, ya janye hannunsa. Ya zauna har zagayensa ya zo, ya biya, ya kuma shanye na takwas don kada a ce ya raina mai ritaya.

Da ya miƙe, sau biyu makulli yana suɓuce masa. Kowa ya ji ƙararsa a ƙasa. Me suka yi? Suka sa aka kawo masa baƙar gahawa da farantin soyayyen dankali, Dale yana rantsuwa wai wannan haɗin yana wanke kai cikin minti goma. Ƙarya ce, gahawa ba ta fitar da giya daga jini. Wani ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ci ƙwallo a talabijin, ya juya can.

Ko mil biyu bai yi ba ya hau gefen titi, ya tumɓuke akwatin wasiƙun wani gida. Matar gidan ta bar wurin ke nan da wasiƙunta a hannu. Da ta ƙara rabin minti a tsaye, da wani labarin nake ba ku.

'Yar sanda ta iso. Dokar jiharsu ta tilasta wa mai lasisi ya faɗa in yana ɗauke da bindiga, saboda haka Vernon ya faɗa da harshe mai nauyi cewa tana aljihun gaban mota, da harsashi a ciki. Ta ɗauke ta, ta zazzage harsasan, ta sa shi ya hura na'urar gwajin giya, sannan ta sa masa ankwa.

Har ya zauna gaban lauya, Vernon yana zaton tara ce kawai da 'yan watanni ba tuƙi. Lauyan ya yi masa bayani dalla-dalla: in kotu ta kama mutum da laifin tuƙi cikin maye, shekara uku ba zai riƙe lasisin bindiga ba, kuma samunsa a buge da bindiga tare da shi wani laifin ne daban.

"Amma ko taɓa ta ban yi ba," in ji Vernon.

Lauyan ya ce, "Motar ma tana kisa, kuma ita ka taɓa."

Alƙali bai ɓata lokaci ba, ya kama shi da laifi, aka soke lasisin bindigar. Shugaban masu gadi ya yi ta ba Vernon haƙuri, amma ya ce kamfanin ba shi da gurbin mai gadi marar bindiga, ya karɓi kayan aikinsa. A bakin ƙofa Dale ya tare shi yana mita, wai dokar ta yi tsauri, ɗan kuskure ɗaya kawai.

Vernon ya dube shi ya ce, "Dokar ba ta yi min ƙarya ba, Dale. Ni na ɗaga kofin. Amma ku bakwai ne, kowa da hannu biyu, makullin kuwa ɗaya ne."

A gida ya tarar da Loretta zaune da takardar da ke cewa inshorar za ta ƙare ƙarshen wata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ninke takardar ta ce, "Vern, wa zai kai ni asibiti ranar Litinin?"

Lasisin tuƙin Vernon ma an karɓe.

Ni ban ga laifin doka ba. Wanda ya kasa hana kansa riƙe sitiyari a buge, da wace hujja zai ce a amince masa da bindiga a cikin jama'a? Haushina yana kan masu kallo, masu dariya, masu yin odar gahawa. Shirunku ba kara ba ne, ragwanta ce. In kun sake ganin abokinku ya tashi yana tangaɗi, ku miƙe ku karɓe makullin. Ya zage ku, ya yi fushi, ya daina gaishe ku wata guda. Ku dai karɓe, ku kai shi gida da kanku.