Makunnin Fitilar Duba-gari

"Yanke wayar fitilar nan, Ɗantsoho, ka sa mata makunni yau-yau!"

Sahabi duba-gari sai kai-kawo yake a rumfar Ɗantsoho bakanike a Gusau. Fitilar babur ɗinsa ba ta mutuwa muddin inji na aiki. Duk asubar da ya nufi Bungudu, kafin ya iso mata sun zubar da tsohon ruwan randunansu. Damina guda bai kama tsutsar sauro ba, har Baturen da ke shugabantarsa ya fara zarginsa. Shi kuwa fitilar ya ɗora wa laifin tona zuwansa.

Ɗantsoho ya raba wayar, ya ɗaura makunnin.

"Wallahi, gidan da na fara kamawa sai gaban alƙali!" in ji Sahabi.

Washegari ya shiga garin fitila a kashe, dogari biye da shi. Ko'ina randuna a wanke tas. Ashe ƙarar babur mata ke ji.

Ya leƙa gidansu da ke garin ya gaida mahaifiyarsa, wadda kunnenta ya daɗe da mutuwa. Dogari ya buɗe randarta. Tsutsa fal.

"Yaro," ta ce, "mi ya samu fitilarka yau? Ni ita nike dubawa."