Kwalin Malamar Kimiyya

Takardar ta fito daga akwatin ƙorafi ranar Litinin, babu suna, babu sa hannu. Layi biyu ne kacal: malamar kimiyya ta aji uku ta karɓi kyauta daga iyaye, tana nan cikin aljihun teburinta.

Shugaban makaranta ya karanta sau uku, bakinsa har kunne. Shi ya rubuta dokar kyauta da hannunsa, ya sa aka manna ta ko'ina har ƙofar banɗaki: malamin da ya karɓa a sallame shi, iyayen da suka bayar a kori ɗansu. Malamar nan kuwa ta daɗe da tsaya masa a wuya. Ba ta rusuna masa yadda yake so, ba ta dariya idan ya yi barkwancinsa marar gishiri, jan bironta bai san ɗan kowa ba, ko autan shugaban bai tsira ba.

Kafin a tashi tara ya haɗa kwamitin ladabtarwa. Ga mataimakinsa, yana ta ƙamshin turaren da albashi ba ya saye. Ga malamin wasanni, wanda bai taɓa tambayar daga ina sababbin takalmansa ke fitowa ba. Ga sakatariya da littafinta, ga wani dattijo wakilin hukumar makaranta. Kowa ya ɗaure fuska kamar bai taɓa miƙa hannu ba a rayuwarsa.

Malamar ta shigo da kwalin kyautar a hannu, naɗe da takarda mai ƙyalli, ko kusurwa ba a yaga ba.

"Yallaɓai, ban karɓa ba. Ajiyewa aka yi aka fice ina cikin darasi. Tun Alhamis sau uku ina zuwa ofishinka, ana cewa kana taro."

Sakatariya ta sunkuyar da kai.

"Wa ya kawo?"

"Da dai mun yi maganar nan mu biyu, yallaɓai."

Ya kwashe da dariya, ya dubi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? An sayi malama, yanzu ni take so ta saya." Mataimaki ya taya shi dariya har da buga tebur.

Ta sake roƙonsa, a hankali, idonta a ƙasa. Shi kuwa tsoro ya gani a wurin, abin ya yi masa daɗi. Ya miƙe ya zuba wa'azi na minti ashirin kan amana, kan malaman zamani masu kwaɗayi, kan iyaye marasa kunya da ke haifar daƙiƙai sannan su zo sayen maki.

"Irin waɗannan iyayen," in ji shi, "ko gaisuwata ba su cancanta ba. Rubuta!"

Sakatariya ta rubuta: an dakatar da malama, yaron kuma ko na wane ne an kore shi daga yau, babu roƙo, babu ɗaukaka ƙara. Dattijo ya ce ko a fara buɗe kwalin tukuna. Shugaba ya ce doka ba ta duba fuska. Ya sa hannu, ya buga hatimi, sauran suka bi. Dattijo ya ninke kwafinsa ya zura a jaka, ya ja zif.

Sai shugaba ya yage takardar da aka naɗe kwalin da kansa, ya buɗe. Agogon hannu ne na mata, da ɗan kati a ƙarƙashinsa. Ya gyara tabarau, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Malama, don Allah a sassauta wa yaron nan a jarrabawa, kada babansa ya..."

Nan ya tsaya. Bai buƙaci ya kai ga suna ba. Shekara ashirin da biyu ke nan mai wannan rubutun take rubuta masa takardar cefane a gida.